Daga Sharaɗa zuwa Manchester: Abin da kangon masaƙa ya koya mini

Duk wanda ya ji cewa zan je Ingila, ɗayan biyu yake faɗa mini. Ko ya ce, "Don Allah ka ɗauko mana hoton Old Trafford," ko ya rage murya ya ce, "Kai, in ka samu hanya kada ka dawo." Baba ne kaɗai bai faɗi ko ɗaya ba. Da na durƙusa yi masa sallama, sai ya yi mini addu'a, sannan ya ce, "Idan Allah Ya kai ka garin masu yadin nan, ka duba mini ko injinansu suna juyawa har yanzu."

Shekara 17 Baba ya yi yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Ina aji uku a firamare suka je aiki wata safiya suka tarar an garƙame get da kwaɗo. Har yau bai ga cikon kuɗin sallamarsa ba. Yanzu tebur gare shi a Kantin Kwari, yana sayar da atamfar da aka saƙa a ƙasar Sin. Ginin masaƙar kuwa yana nan, ciyawa ta cinye harabar, jemagu sun gaje rufin.

Ni ɗalibi ne a fannin zayyanar gine-gine, ajin ƙarshe. Tafiyar ta mako uku ce a watan Yuli, mu ɗalibai kaɗan da malami guda, don mu ga gine-ginen Birtaniya da idonmu. Gaskiya abin da ke raina shi ne dogayen benayen gilashi irin na Instagram. Aikina na kammala karatu ma na riga na zana shi: katafaren kantin zamani, gilashi tun daga ƙasa har sama, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40.

Layi, shayi da Magaribar tara da rabi

A Manchester muka sauka, kuma kafin gine-gine, mutanen na fara karantawa. A tashar bas babu ɗan sanda, babu kwandasta mai tsawa, amma kowa ya san wanda ya riga shi zuwa. Ka taka mutum a hanya, shi ne zai riga ka cewa "sori". Shayinsu kuwa, da mai shayin unguwarmu zai gani da ya yi kuka: ruwa-ruwa, madara ɗan ɗigo. Magariba sai wajen ƙarfe 9:30 na dare, Asuba kuma tun kafin ƙarfe 4, ga yayyafi ba sallama. Titin Wilmslow da ke unguwar Rusholme ne ya cece mu, don gidajen abincin halal jere suke a can.

Akwai abin da ban so ba. Gaisuwar da a Kano za ta ci minti biyar, a can murmushin daƙiƙa ɗaya ce. Mako uku na yi ban san sunan wanda ke ɗakin da ke kallon nawa ba. Amma akwai abin da ya burge ni ƙwarai: manyan gidajen tarihinsu kyauta ake shiga, kuma a cike suke da yara.

Ancoats, inda na tsaya cak

Kwana huɗu da zuwanmu aka kai mu wata unguwa mai suna Ancoats. Dogayen gine-ginen jan bulo ne a bakin wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, hawa shida, hawa takwas, tagogi reras kamar an auna da zare. Masaƙu ne. Rukunin da ake kira Murrays' Mills tun ƙarshen shekarun 1790 aka fara gina shi. A zamanin da Manchester ke tufatar da duniya, dubban mutane ne suke kaɗin auduga a nan, har da ƙananan yara, cikin ƙura da ƙarar da ke kurmantar da mutum. Yawancin audugar kuma bayi ne suke noma ta a kudancin Amurka kafin yaƙin basasarsu. Ba su ɓoye wannan ba, a gidajen tarihinsu a rubuce yake.

Amsar tambayar Baba ke nan: injinan sun daɗe da tsayawa. Yadin Indiya da Japan da sauran ƙasashe masu arha ya kashe musu kasuwa, kamar yadda aka kashe tamu. Ancoats ta yi shekaru tana kango, tagogi a farfashe. Amma yau a cikin waɗannan gine-ginen akwai gidajen kwana, ofisoshi, gidajen abinci da wuraren aikin matasa masu zane da kwamfuta. Bangon bulon na nan, ginshiƙan ƙarfen na nan. Abin da ke ciki kawai aka sauya.

Na tsaya ina kallon wata babbar ƙofa, wallahi get ɗin masaƙar Baba kawai nake gani.

Igiyar da ta ɗaure Kano da Manchester

Abin da ban sani ba sai da na je shi ne, garuruwan nan biyu sun daɗe da sanin juna. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, saƙa da rini ne suka fi ɗaukar hankalinsa, don yadin Kano har Timbuktu da Tarabulus yake kaiwa. Wasu Turawan ƙarni na 19 har laƙabi suka yi mata da Manchester ta Afirka.

A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga ta BCGA a Manchester, suna neman inda za su samu auduga ban da Amurka. A 1903 sojojin Lugga suka ci Kano. Layin dogo ya iso a 1911, kuma babban burin shi ne a riƙa kwasar audugar Arewa zuwa masaƙun Lancashire. Aka kafa injinan gurzar auduga a wurare irin su Zariya da Funtuwa. Sai dai manoman Kano da fatakenta sun yi nasu lissafin: masaƙan gida sun fi Bature sayen auduga da daraja, gyaɗa kuma ta fi riba, ga shi ko kasuwa ta faɗi a ci abinta. Jirgin da aka kawo don auduga sai ya koma ɗaukar gyaɗa. Daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata.

Bayan haka ne Kano ta gina nata masana'antun. Bompai ce ta fari, sannan Sharaɗa mai rukuni uku, da Challawa inda manyan kamfanonin jima suka taru. Yadi, fata, man gyaɗa, alewa, robobi, kwanuka, duk ana yi. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, Naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Ga rashin wuta, ga tsadar man janareto, ga yadin fasa-ƙwauri. Ɗaya bayan ɗaya aka riƙa sa kwaɗo.

Yadda suke hana rushewa

A mako na biyu muka hau jirgin ƙasa zuwa Saltaire, kusa da Bradford. Wani attajiri, Titus Salt, shi ya buɗe masaƙar ulu a wurin a 1853, ya gina wa ma'aikatansa gari guda, da gidaje da makaranta da asibiti. An rufe masaƙar a 1986. Shekara ɗaya bayan nan wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta, ya zuba zane-zanen David Hockney a ciki, ya ba shaguna da kamfanoni haya. A 2001 UNESCO ta sa Saltaire cikin wuraren tarihi na duniya.

A mako na ƙarshe, a Landan, muka shiga Tate Modern. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce da ta daina aiki a 1981, aka buɗe ta a matsayin gidan baje zane-zane a 2000. Har dogon bututun hayaƙin ba su taɓa ba.

Sirrin dai doka ce. Suna da rajistar gine-gine masu tarihi, mataki uku. Idan gininka ya shiga, naka ne, amma ba ka da ikon rushe shi ko sauya fasalinsa sai da izini, in ka yi kuma kotu za ta kira ka. Na tuna yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, da yadda badala ke zaizayewa ana yanka filaye a jikinta. Idan ganuwa mai ɗaruruwan shekaru ba ta tsira ba, wa zai tsaya wa masaƙa?

Amma fa kada mu ruɗu

Ba zan yaudare ku ba, 'yan uwa, abin nasu ma da nasa tabon. Ɗakin kwana a tsohuwar masaƙar Ancoats ya fi ƙarfin aljihun jikokin waɗanda suka yi gumi a cikinta. An ceci ginin, an kori talaka. In muka kwaikwayi wannan a Bompai, mun ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai.

Na biyu, su sun yi bankwana da saƙa, sun koma wasu sana'o'in. Mu ba mu kai nan ba. Har gobe akwai kamfanonin da ke aiki a Sharaɗa da Bompai da Challawa, suna ciyar da dubban gidaje. Abin da Kano ta fi buƙata shi ne inji ya juya. Shi ya sa idon masu masana'antu ke kan bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

Na uku, gine-ginenmu daban suke. Nasu benayen bulo ne, namu yawanci dogayen rumfuna ne masu ginshiƙan ƙarfe, hawa ɗaya. Wasu da asbestos aka rufe su, wanda ƙurarsa ke jawo cutar daji, Birtaniya ma ta haramta shi gaba ɗaya a 1999. A Challawa kuma akwai dagwalon jima mai sinadarin kuromiyom da ya daɗe yana gangarawa kogi. Kafin ka ce za ka zaunar da mutane a irin wannan wuri, sai an gwada ƙasa da ruwa.

Duk da haka, dubi abin da kangon yake da shi: fili mai faɗi, rufi mai tsawo da ke rage zafi, titi, magudana, layin wuta, ga rufin da zai ɗauki farantan sola masu yawa. Yanzu dubi teloli da masu ɗinkin takalma da jaka da ke cunkushe a shagunan da ba su fi ɗakin gwauro ba, kowa da ɗan janaretonsa. Dubi 'yan Kannywood da ke yawon neman gidan aro don ɗaukar fim. Rumfa ɗaya ta tsohuwar masaƙa za ta ɗauke su da yawa, wuta ɗaya, mai gadi ɗaya, haya daidai aljihu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da na dawo da shi

Ina dawowa na je wurin malamin da ke duba aikina na ce, "Malam, ina son in sauya." Ya dube ni ya ce lokaci ya ƙure. Da na shimfiɗa masa hotunan Ancoats kusa da na Sharaɗa, ya yi shiru, sannan ya ce in kawo awon wurin cikin mako biyu. Kantin gilashi ya tafi kwandon shara. Sabon aikin shi ne yadda za a mai da rufaffiyar masaƙa matattarar masu sana'ar hannu, da zaure a bakin shiga da tsakar gida mai inuwa, irin hikimar da maginanmu suka sani tun kafin Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya.

Ga mai son irin wannan tafiya, akwai tallafin karatu na Chevening da na Commonwealth. Chevening na digiri na biyu ne, yana neman ƙwarewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alƙawarin za ka dawo gida. Babu wanda zai ce ka biya kuɗin fom, duk wanda ya nema ɗan damfara ne. Amma kafin biza, akwai abin da wayarka za ta iya yau. Ka je Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama. Ka zaga Bompai ka ɗauki hoton tsofaffin gine-ginen, da izinin masu gadi. Ka zauna da tsohon ma'aikacin masaƙa na unguwarku ka naɗi labarinsa. Ginin da ba wanda ya san tarihinsa, ranar da katafila ta zo ba mai cewa uffan.

Ranar da zan yi awon, Baba ya rufe teburinsa ya ce zai raka ni. Mai gadin ya gane shi, ya buɗe mana ƙaramar ƙofa. Ni ina jan tef, shi yana tafe yana nuna mini: nan ɗakin rini, nan suke sallah, nan injinsa yake. Har ramukan kusoshin na nan a siminti. Na ba shi labarin cewa na Manchester ma sun tsaya tuntuni. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni, "To su ginin fa?"

Na ce, "Suna nan, Baba. Cike da mutane."

Ya karɓi bakin tef ɗin daga hannuna, ya taka zuwa ɗaya bangon, ya ce, "To karanta, nawa ne?"