Tsohon Kwabo: Kuskuren Bugu Ko Tsufa?

'Yar'uwa, in kin ci karo da anini ko kwabo mai huji a adudun kakarki, irin na kafin zuwan Naira a 1973, kada ki yi gaggawar miƙa wa dillali.

Ki duba shi da rana. In kambin sarauta da tauraron sun lafe sumul, yawon hannu ne ya cinye su, tsufa ne kawai. Amma in rubutun na nan raɗau, sai dai hujin ya karkata gefe, ko babu shi sam, to haka ya fito daga ma'aikatar buga kuɗi a Ingila. Irinsa masu tarawa ke saye da tsada.

Kuma kada ki dirje shi da toka. Wata a nan Watari ta dirje nata, darajarsa ta zube.