Yadda Hausawa Ke Girmama Malamin Allo

A al'adar ƙasar Hausa malamin makarantar allo ba shi da albashi. Jama'ar unguwa ne ke ɗauke masa nauyin gida, domin sun yi imani cewa karatu ba ya albarka sai da yardar wanda ya koyar da shi.

Ladabin yana farawa tun ranar da uba ya kama hannun ɗansa ya danƙa wa malam. Yaro zai koyi tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa kansa a sunkuye. Ba ya kama sunan malaminsa, sai dai ya ce "Allah gafarta Malam", in kuwa mahaddaci ne ya ce "Alaramma". Ba a zama a kan buzunsa ko da ba ya nan, ba a kuma shan gabansa a hanya. Da ya yunƙura zai tashi, wani ya ɗauki buta, wani ya juya masa takalmi.

Sai kuma abin hannu. Kowace Laraba, kafin a shiga hutun Alhamis da Juma'a, yara kan kawo kuɗin Laraba. Ba a yanka musu farashi, kowa da ƙarfin gidansu, kuma ba a korar ɗan wanda bai samu ba. Gab da salla a kai kuɗin tashe. Da damina manyan almajirai su nome gonar malam, da kaka manoma su aiko da damin gero ko na dawa. Zakkar kono da naman layya ma ba sa wuce ƙofar gidansa.

Yayin da karatu ke nisa, godiya na ƙaruwa. In yaro ya kai wasu sanannun surori, kamar Sabbi ko Amma, uwarsa kan yi tuwo ko waina a kai makaranta sadaka. Babbar rana ita ce ta sauka. A ƙawata allo da zayyana, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, malam ya biya wa ɗalibi a gaban jama'a, shi kuma ya maimaita. Uba ya yanka rago a yi walima, ya ba malam kuɗin sauka, mai hali ya haɗa da riga da rawani. A da, har 'ya akan ba malami aure sadaka don neman tubarraki.

Manyan malamai ma haka suka yi wa nasu malaman. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, kuma bai daina yabonsa ba ko bayan da sunansa ya zarce na malamin. Ƙanen Shehu, Abdullahin Gwandu, ya wallafa littafin Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa waɗanda ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu.

Zuwan boko ya kawo albashi, yanzu kuma ana bikin Ranar Malamai ta Duniya kowace 5 ga Oktoba. Amma Bahaushe bai taƙaita godiyarsa ga rana ɗaya ba. Za ka ga attajiri ko alƙali ya je gaisuwar salla, ya zauna a ƙasa gaban tsohon da ya koya masa babbaƙu da farfaru, ya ajiye buhun hatsi da turmin yadi, ya roƙi addu'a. In malam ya rasu, ɗalibansa su ci gaba da duba iyalinsa, albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Wanda kuwa ya sami duniya ya manta da zauren da ya yi karatu, komai dukiyarsa, mutane butulu suke ce masa.