Yadda A Ke Gane Ciwon Babur Mai Sanda Ta Wurin Ƙararsa

Yawancin baburan da mu ke gani a kan hanya sarƙa ce ke juya tayarsu ta baya. Amma akwai wani iri wanda ba shi da sarƙa ko kaɗan. Sandar ƙarfe ce a cikin bututu ta ke ɗaukar ƙarfin inji, ta kai shi ga taya. Makanikai na kiranta shaf. Irin wannan babur ba sabon abu ba ne. Kamfanin FN na ƙasar Beljiyam ya yi shi a 1905. Kamfanin BMW na Jamus ya fito da baburinsa na fari a 1923, mai suna R32, shi ma da sanda ya zo. Daga baya Rasha ta yi Ural, Italiya ta yi Moto Guzzi V7 a 1967, Japan kuma ta yi Honda CX500 a 1978. A tseren Faris zuwa Dakar na 1983, wanda ya ratsa hamadar Tenere a ƙasar Nijar, babur mai sanda ne ya zo na ɗaya, Hubert Auriol ne a kansa.

Amfanin sanda shi ne ƙura da yashi ba sa cin ta, don a rufe ta ke. Amma wahalarta ma a nan ta ke. Sarƙa in ta saki kowa ya gani da idonsa. Sanda kuwa ba a ganinta. In ciwo ya kama ta, da kunne a ke ganewa, da hannu. Abin da wannan darasi zai koya mana ke nan.

Na taɓa samun wani tsohon babur mai sanda. Wata rana ya soma wata ƙara, ƙwas, ƙwas, duk sa'ad da na murɗa totur. Na kai wa wani bakanike. Bai tambaye ni kome ba, sai ya sauke akwatin giya ya wargaza. Kwana tara babur na wurinsa, kuɗi suka tafi, ƙara kuwa tana nan. Ashe haƙoran da ke tsakiyar tayar baya ne suka bushe, suka cinye. Da na san abin da zan gaya muku yanzu, da cikin rabin sa'a na gane wurin da kaina.

Hanyar Da Ƙarfi Ya Ke Bi

Mu ɗauki tsohon BMW R75/5 ya zama misali, wanda aka yi daga 1969 zuwa 1973. Ƙarfi ya kan tashi daga inji ya bi ta wurare biyar kafin ya kai ƙasa.

Na ɗaya kuloci, wanda ke haɗa inji da giya, ya kuma raba su.

Na biyu akwatin giya.

Na uku sanda. A bakinta na gaba akwai wata gaɓa mai lanƙwasa kamar gwiwar mutum, don taya ta sami damar hawa da sauka a kan gargada. Ƙusoshi huɗu masu zare ne su ke ɗaure ta da bayan akwatin giya, rigar roba kuma ta rufe wurin.

Na huɗu tukunyar baya, wadda ke jikin taya. A cikinta akwai giya biyu, ƙarama da babba. Su ne ke karkatar da juyin sanda ya koma juyin taya. Sai sanda ta juya kimanin sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Ku riƙe wannan lissafi, za mu komo gare shi.

Na biyar haƙoran da ke haɗa tukunya da cibiyar taya, da boris ɗin taya.

Ƙara na iya fitowa daga kowane ɗaya cikin biyar ɗin nan. Ƙarfe kuwa ya kan kai ƙara nesa, har ka ji ta a gaba alhali a baya ta ke. Saboda haka kada ka fara da tambayar inda ƙara ta ke. Ka fara da tambayar lokacin da ta ke zuwa.

Gwaji Na Fari: Babur A Tsaye

Ka ta da inji, ka bar shi ya yi zafi, giya tana firi. Ka saurara. Sa'an nan ka matsa kuloci, ka sake saurara.

In kana jin kwaramniya, kar-kar-kar, amma da ka matsa kuloci ta ɗauke, to daga cikin akwatin giya ta ke. Sau da yawa wannan ba ciwo ba ne. Giyoyin ne ke kaɗa juna in mai ya yi zafi ya tsinke, musamman in inji ba ya tafiya daidai. A daidaita kafireta tukuna, mai yiwuwa ta ragu. Amma in gurnani ne mai kauri, gur-gur-gur, kullum yana ƙaruwa, to boris ɗin gaba na akwatin giya ya soma gajiya.

In kuwa shiru ne sai ka matsa kuloci ƙara ta taso, ƙaramin boris ɗin da ke tura kuloci ne ya bushe.

In ƙarar ba ta kula da kuloci, matsa ko saki duk ɗaya, to ta inji ce. Wannan wani darasi ne dabam.

Dabarar makanikai ita ce su ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin ƙarfe, su kara ƙotar a kunne. Inda ƙara ta fi ƙarfi nan ne kusa da ciwon. Ka kiyayi salansa, tana ƙuna.

Gwaji Na Biyu: A Kan Hanya

Ka nemi hanya miƙaƙƙiya wadda ba mutane, ba dabbobi. Ka yi tafiya ta hankali har ƙarar ta fito. Sa'an nan ka matsa kuloci, ka saki totur, ka bar babur yana gangarawa da kansa.

In ƙara ta faɗi tare da kukan inji, ciwon na gaba ne, watau inji ko kuloci. In kuwa inji ya yi shiru amma ƙara tana nan, sai dai ta riƙa raguwa yadda gudu ke raguwa, to ciwon na baya ne: akwatin giya, ko sanda, ko tukunya, ko taya. Da wannan gwaji kaɗai ka raba babur biyu, ka rage wa kanka rabin nema.

Bayan haka ka lura da abubuwa huɗu.

In ƙara a giya ɗaya kaɗai ta ke, misali ta uku, sauran kuwa lafiya, haƙoran wannan giyar ne suka ji rauni.

In kuka ne siriri, wiii, yana zuwa in ka murɗa totur, ya ɗauke in ka saki, ko kuwa ya zo in ka saki, ya ɗauke in ka murɗa, giya biyun nan na tukunyar baya ne ba sa cizon juna daidai.

In ƙugi ne wanda ba ruwansa da totur, amma ya kan canja in ka kwanta a kwana, ka tuhumi boris ɗin taya. Ka duba tayar kanta kuma, don taya in ta cinye ba daidai ba ita ma ta kan yi ƙugi.

In ƙwas ɗaya ce mai ƙarfi duk sa'ad da ka murɗa totur ko ka saki, akwai wurin da ya yi sako-sako. Ko notin taya, ko haƙoran cibiya, ko gwiwar sanda, ko ƙusoshin nan huɗu.

Gwaji Na Uku: Da Hannu

Ka kashe inji. Ka ɗora babur a kan jak ɗinsa na tsakiya, a ƙasa mai tauri, tayar baya ta tashi sama. Kada ka ta da inji ka sa giya babur na kan jak. In ya zame zai ruga, in taya ta kama riga ko yatsa ba ta saki.

Ka kama taya sama da ƙasa, ka girgiza ta gefe da gefe. Bai kamata ta yi lilo ba. In ta yi, ka sake kama ta gaba da baya, wani ya tsaya yana kallo, ya ga ko taya ce kaɗai ke motsi ko har da hannun ƙarfen da ke riƙe da ita. In taya ce kaɗai, boris ɗinta ne ko na tukunya. In har da hannun ne, boris ɗin gindin hannun ne.

Sa'an nan ka sa giya firi, ka yi wa taya alama da alli, ka juya ta sannu sannu. Ya kamata ta tafi sumul. In ka ji tana cijewa, ka ƙidaya. In sau ɗaya ta ke cijewa kafin alli ya komo, abin yana wajen taya ne, ko birki, ko babbar giyar tukunya. In sau uku ne ko shida, ka tuna lissafinmu na ɗazu: abin yana juyawa da sanda ne, watau gwiwa ko ƙaramar giya.

Daga nan ka sa giya ta ɗaya, ka juya taya gaba da baya har ta tsaya. Lalle za ta ɗan motsa, haka aka yi ta, don ƙarfe na bukatar fili in ya yi zafi. Ka auna motsin da alli, ka rubuta. Bayan wata ɗaya ka sake aunawa. In ya ƙaru ƙwarai, wani abu na cinyewa.

Gwaji Na Huɗu: Mai

Mai shi ne mai ba da shaida, ba ya ƙarya. A irin baburin da mu ke misali da shi, ban da baƙin man inji, wurare uku ne ke da mai: akwatin giya kimanin mililita 800, bututun sanda kimanin 100, tukunyar baya kimanin 250. Man giya mai kauri a ke zubawa, wanda aka rubuta wa GL-5, lamba 90 ko 80W-90. Ba a zuba musu man inji. Amma ba duk babura ne haka ba. A Honda CX500, inji da akwatin giya mai ɗaya su ke sha, tukunyar baya ce ke da nata dabam. Don haka kowa ya dubi littafin baburinsa.

Ka zubar da man cikin kwano mai tsabta yana da ɗumi. A kan notin zubar da man giya akwai maganaɗisu mai kama ƙarfe. Ka shafa abin da ya manne a tsakanin yatsu biyu. In laushi gare shi kamar kwalli, ba kome, tsufa ne kawai. In kuwa ka ji tsaba-tsaba, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli, boris ko haƙori ya soma farfashewa. In man ya yi fari kamar an zuba nono, ruwa ya shiga. A wannan babur ruwa ya kan bi ta robar da ke bakin wayar agogon gudu in ta tsage. A canja mai, a canja roba, tun boris bai yi tsatsa ba.

Ƙarar Da Ba Ta Da Laifi

Kada ka firgita da kowace ƙara. Tsohon babur mai sanda ya kan yi gau in an canja giya, musamman daga ta ɗaya zuwa ta biyu. Bayansa kuma ya kan ɗaga in ka murɗa totur, ya zauna in ka saki. Halinsa ne. Ƙarar da za ka damu da ita ita ce sabuwa, wadda ba ka saba ji ba, ko wadda ke ƙaruwa kullum.

Inda Ya Wajaba A Tsaya

Akwai alamu biyar waɗanda in ka ga ɗaya, ka sauka, ka nemi motar da za ta ɗauki babur:

1. Sabuwar jijjiga a matakin ƙafa, wadda ke ƙaruwa da gudu.
2. Ƙarar niƙa daga baya, kamar dutsen niƙa ba hatsi.
3. Tayar baya tana lilo.
4. Mai ya zubo a kan taya ko cikin birki.
5. Tukunyar baya ta yi zafin da ba ka iya ɗora hannu a kai.

Dalili kuwa shi ne, in gwiwar sanda ta karye, ko boris ya daskare, tayar baya na iya ƙamewa nan take kana cikin gudu. Kuɗin mota ya fi na asibiti sauƙi.

Rigakafi

Ka canja man wuraren nan uku ko da sau ɗaya a shekara, da kuma duk sa'ad da ka ratsa ruwa mai zurfi. Duk lokacin da aka cire tayar baya, a wanke haƙoran cibiya, a shafa musu giris kaɗan. In aka kwance ƙusoshin nan huɗu, a sa sababbi, a ɗaure su sosai. Ka riƙa duba rigar roba ko ta tsage.

In za ka wurin bakanike, kada ka ce masa babur na ƙara kawai. Ka rubuta abin da ka gani a takarda, ka ce masa, "Malam, ƙarar nan da gudu ta ke tafiya, ba da inji ba. Sau uku taya ke cijewa. Ga kuma abin da na samu a maganaɗisu." Bakaniken kirki zai ji daɗi, don ka rage masa aiki. Wanda kuwa ya ƙi saurara, ya ce sai ya wargaza tukuna, ka ɗauki baburinka ka yi gaba.

Tambayoyi

1. Faɗi wurare biyar da ƙarfi ya ke bi daga inji zuwa ƙasa.
2. In ka matsa kuloci kana tafiya, ƙara ba ta ragu ba, ina ciwon ya ke?
3. Sau nawa sanda ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya?
4. Me ke sa man giya ya yi fari?
5. Don me ba a sa giya inji na tafiya, babur na kan jak?