Kafin a Lulluɓe Gindin Bangon Ɗaki

Duk mazaunin Haɗeja ya san wannan tabo: daga daɓe zuwa gwiwa bango ya yi duhu, fenti ya kumbura, in ka shafa sai wani farin gari kamar kanwa ya biyo hannunka. Magina kan ce bango ya sha ruwa. Danshin ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo ɗauke da gishiri, ya bushe ya bar shi a fuska. A garin da ke bakin kogi, inda ruwa ke kusa, wannan ciwo ne na kowace damina, balle shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya yi ɓarna a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma.

Yanzu kuma an shigo da yayin lulluɓe gindin bango da falanki masu tsaga-tsaga a tsaye, tsayin kamar mita 1, a ɗora musu baki a sama. Al'adar gidajen Ingila da Amurka ce, kuma a hoton waya tana da kyau ƙwarai. Sai dai hoto ba ya nuna gara.

Cikin kayan da ake wannan aiki da su, wanda ya fi yaudara shi ne MDF. Garin katako ne aka cakuɗa da gam aka matse, ga santsi, ga karɓar fenti. Amma da ruwa ya taɓa gefensa sai ya kumbura kamar gurasar da aka jiƙa, kuma ba ya komawa yadda yake. Na ga falon wani ɗan'uwa da aka yi wa shi ana shirin biki. Damina ɗaya, ƙasan ya buɗe baki, ana ɓantarsa da yatsa. Ba ma ambaliya ba ce, danshi ne kawai da ruwan goge-goge.

Katako na gaske ya fi shi juriya, amma yana numfashi da yanayi. Ku tuna ƙofar da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, da hunturu kuma ta yi sako-sako: haka falankin zai yi, tsagunan su buɗe. In dole sai shi, a samo busasshe, a shafe shi da maganin gara gaba da baya, a kai shi bene ko ɗakin da ke kan tudu.

Roba, wato PVC irin na silin, ruwa ba ya cin ta, gara ma haka. Aibinta biyu: marar kauri tana lotsewa in kujera ta buge ta, sannan tana ɓoye cuta. Bango na ruɓewa a baya, funfuna da kyankyasai sun samu masauki, mai gida na ganin fari tas. A sa ta a kan sanduna don iska ta ratsa, kuma a nisanta ta da kaskon wuta.

Ni dai a ɗakin ƙasa tayil na fi yarda da shi, in ginin bulo ne. Ko laka ta shigo, tsintsiya da bokiti sun wadatar. A kankare tsohon filasta tukuna, in an gama liƙawa kuma a ƙwanƙwasa kowane tayil. Wanda ya yi ƙarar holoƙo zai faɗo. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi fentin mai zuwa ƙugu, irin na makarantu da asibitoci.

Ginin ƙasa kuwa kada a toshe shi da siminti ko tayil, domin danshin zai maƙale ya cinye shi daga ciki. Yaɓe da makuba ya fi masa.

Mai sabon gini, ka bari damina ɗaya ta wuce, ka ga inda tabon ya tsaya, ka gyara magudana da indararo, sannan ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa sayayya.