Hung Sin-nui: Tauraruwar Guangzhou Tsakanin Dandamali Da Silima

Unguwar Sanyuanli da ke gundumar Baiyun a birnin Guangzhou sananniya ce ga 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin tufafi da takalma da jakunkuna, kuma a tarihin ƙasar Sin ana tuna ta da tsayin dakan da ƙauyawanta suka yi a gaban sojojin Ingila cikin watan Mayu na 1841. Sai dai birnin da unguwar take cikinsa yana da wata fuska da mai saye da sayarwa bai cika lura da ita ba, domin shi ne cibiyar Yueju, wato wasan kwaikwayon waƙe na masu magana da harshen Kanton, kuma cikin matan da suka hau wannan dandamali a ƙarni na 20 da wuya a sami wadda sunanta ya kai na Hung Sin-nui.

Yueju wasa ne da ake rera yawancin zancensa maimakon a faɗe shi, ana tafe da ganguna da farantan tagulla da wani abin kiɗa mai tsirkiya biyu da ake kira gaohu, wanda ake goga shi kamar kukuma. 'Yar wasa takan shafe fuskarta da farar hoda, ta zagaye idanu da ja, ta ɗaure goshi da ƙyalle tamau har girarta ta ɗaga sama, sannan ta sa riga mai dogayen hannuwa na farin siliki waɗanda take kaɗawa don nuna kunya ko fushi ko baƙin ciki. Dandamalin ba ya buƙatar kaya da yawa, domin wanda ya riƙe bulala ya hau doki ke nan, kuma 'yan kallo sun san haka. A da maza ne ke fitowa a matsayin mata, sai a shekarun 1930 aka yarda maza da mata su haɗu a ƙungiya ɗaya.

An haifi Hung Sin-nui, wadda sunanta na yanka Kuang Jianlian ne, a Guangzhou cikin watan Disamba na 1924. Da sojojin Japan suka kama birnin a 1938, karatunta ya tsaya, iyalinta suka yi gudun hijira, ita kuwa ta shiga koyon sana'ar a hannun matar kawunta, 'yar wasa He Fulian. Daga baya ta shiga ƙungiyar Ma Sze-tsang, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan zamanin, wanda ya girme ta da shekara 24, suka yi ta yawon wasa a garuruwan Guangdong da Guangxi tsawon shekarun yaƙi, har suka yi aure a 1944.

Bayan yaƙi Hong Kong ta zama matattarar masu shirya fim da harshen Kanton, kuma daga 1947 Hung ta fito a fina-finai gommai. Kasuwar ta lokacin cike take da fina-finan da ake ɗauka cikin mako guda don neman kuɗin gaggawa, abin da ya sa wasu 'yan wasa da daraktoci, ciki har da ita da mijinta da Ng Cho-fan, suka kafa kamfanin Union Film a 1952 da nufin yin aiki mai inganci da ke taɓa rayuwar iyali da ta talaka. A ƙarƙashinsa ta fito a fim ɗin da aka yi a 1954 daga littafin Kaka na marubuci Ba Jin.

Babban abin da ya bambanta ta shi ne murya. Ba ta tsaya kan abin da ta gada ba, ta saurari salon wasan Beijing da na Kunqu, ta koyi dabarun numfashi na waƙar Turawa, ta narkar da su duka cikin karin harshen Kanton, har ta fito da wani salo mai garɗi da faɗi, wanda ke hawa sama ba tare da tsagewa ba, ya sauko ƙasa bai dushe ba, wanda masu sauraro suka laƙaba wa sunanta. A wannan sana'a, a ce an kira salon rera waƙa da sunan mutum shi ne ƙololuwar yabo, domin yana nufin almajirai za su ci gaba da koyonsa bayan mai shi ya kau.

A 1955, tana kan ganiyarta, ta rabu da Ma, kuma a ƙarshen shekarar dukansu biyu suka bar Hong Kong suka koma Guangzhou bisa gayyatar Firimiya Zhou Enlai. Ta bar kuɗi da shahara ta silima ta zaɓi dandamali, kuma mutuwar aure ba ta hana su aiki tare ba. Sun fito a Sou Shuyuan, labarin wata baiwa da ta gudu daga gidan azzalumin ubangida ta fake a makaranta, wanda aka mayar fim a 1956, sannan a Guan Hanqing na marubuci Tian Han, wanda aka ɗauka a 1960. Waɗannan ayyuka biyu su ne mafi nagarta cikin abin da ta bari, kuma da ta zauna a Hong Kong da wuya ta sami lokaci da kayan aikin da suka haife su.

Zaɓin nan kuwa ta biya shi da tsada. Ma ya rasu a 1964, kuma da juyin juya halin al'adu ya ɓarke a 1966 aka haramta tsofaffin wasanni, aka juya sunanta mai nufin yarinyar jan zare zuwa yarinyar baƙin zare, aka sa ta shara, aka tura ta ƙauye aikin ƙarfi. Shekarun da muryar mawaƙiya take cika ta bunƙasa, ita a cikin wannan ƙangi ta cinye yawancinsu. Bayan ƙura ta lafa ta koma dandamali da koyar da matasa, gwamnatin birnin ta buɗe cibiyar fasaha da sunanta a 1998, kuma a 2004, tana dab da shekara 80, ta jagoranci mayar da wani wasan ƙuruciyarta fim ɗin zane don jawo yara. Ta ga lokacin da UNESCO ta sa Yueju cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009, ta rasu a Guangzhou ranar 8 ga Disamba, 2013.

Cibiyar tata tana adana hotunanta da fayafayanta da kayan wasanta, ta yadda ɗalibi zai je ya ji muryar da kunnensa. Ƙasar Hausa ma ta yi rashin 'yan wasan kwaikwayo Ƙasimu Yero a 2017 da Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023, kuma ya kamata jami'o'inmu da gidajen rediyo da talbijin su tattara kasakasan wasanninsu wuri guda tun waɗanda suka yi aiki da su suna raye.