Matsalar Riƙo a Mahaɗan Lantarki: Nazari Daga Kudancin Jihar Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce jawo hankalin mahalarta wannan taro, musamman malaman da ke koyar da fasaha a kwalejojin ilimi, zuwa ga wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika ba shi muhimmanci ba a darussan lantarki, watau mahaɗi. Abin da muke nufi da mahaɗi shi ne duk abin da aka ƙera don sada waya da waya, ko waya da kayan aiki, kamar soket da filoginsa, da bakin cajar wayar hannu, da haɗin wayoyin babur, da na farantan sola. A ganinmu ingancin mahaɗi ya rataya ne a kan ƙarfin riƙonsa. Za mu ɗauko misalai daga ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, inda zafi da ƙura da jijjiga suka taru a kan wannan riƙo.

2.0 Inda ƙarfe ya taɓa ƙarfe

In aka dubi ƙafar filogi da ido, sai a ga kamar sumul take. Amma binciken Ragnar Holm, masanin nan ɗan ƙasar Suwidin wanda ya rasu a 1970, ya nuna cewa fuskokin ƙarfe biyu ba sa haɗuwa sai a 'yan ƙananan tudduna, kuma ta waɗannan tudduna kaɗai wuta take ratsawa. Gwargwadon yadda aka matse ƙarafan, gwargwadon yadda tuddunan za su baje, hanyar wuta ta yalwata. In matsi ya ragu, hanya ta ƙuntata, sai turjiya ta ƙaru, watau tirjewar da ƙarfe yake yi wa wutar da ke bi ta cikinsa.

Turjiya kuwa zafi take haifarwa. Alal misali, a ce wuta mai amfiya 13 tana bi ta mahaɗin da turjiyarsa ta kai kashi ɗaya cikin goma na om. In aka ninka 13 sau 13, sa'an nan aka ɗauki kashi ɗaya cikin goma, za a sami kusan wat 17 na zafi, duk a cikin wani ɗan lungu da roba ta rufe. Abin lura a nan shi ne, fiyus ba zai tsinke ba, domin kuwa yawan wutar bai wuce ƙa'ida ba. Ga mai gida yana ganin yana da kariya, alhali soket yana dahuwa a cikin bango.

Sa'an nan lalacewar tana ciyar da kanta. Zafi yakan sa ƙarfen da ke matse ƙafar filogi ya saki jiki a hankali, ya kuma sa tsatsa ta hau fuskarsa. Matsi ya ragu, turjiya ta ƙaru, zafi ya daɗu, har roba ta yi baƙi ko ta narke.

3.0 Dabarun maƙera

Saboda haka ne maƙeran mahaɗi suke raba aikin riƙo, ba sa ɗora shi a kan abu guda. Da farko akwai matsin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Bakin da ke karɓar ƙafar filogi sifirin ne, kuma ba kowace tagulla ce take iya wannan aiki ba. Akan zaɓi tagullar da aka gauraya da kuza da ɗan fosfaras, domin ita ce ke komawa yadda take bayan an buɗa ta sau da yawa. Mahaɗi mai araha yakan zo da siririn ƙarfe mai laushi, wanda yake riƙo ranar da aka saye shi, bayan 'yan watanni ya saki.

Ban da wannan, tilas ne ƙarfen ya zauna daram a cikin gidansa na roba. A mahaɗan motoci da babura akan yi wa kowane ƙarfe ɗan ƙaya mai kama da na ƙugiyar masunta, wanda yake shiga da sauƙi amma ya ƙi fitowa. Da yake ƙayar tana iya lanƙwashewa, ko mai haɗawa ya kasa tura ƙarfen har ƙarshe, sai aka ƙara wani makulli na biyu da ake dannawa daga baya. Hikimar da ke cikinsa ita ce, ba ya rufuwa sam in akwai ƙarfen da bai zauna daidai ba, don haka kuskure yakan tonu tun a masana'anta. Bayan haka ne ake sa maƙalin da ke hana ɓangarori biyu na mahaɗin rabuwa, da mariƙin da ke danne waya don kada fizga ta kai ga ƙarfe.

Filogi mai ƙafa uku masu kusurwa da muka gada daga Ingila, wanda aka fito da ƙa'idarsa ta BS 1363 a 1947, darasi ne a kan haka. Ƙafar ƙasa ta fi tsawo, ita ke fara shiga, ita ke buɗe murfin sauran ramuka biyu. A cikinsa kuma an tsara tsawon wayoyi ta yadda in mariƙi ya gaza aka fizge, wayar wuta ce za ta fara cirewa, ta ƙasa ta zama ta ƙarshe. To, wanda ya cire filogi ya cusa tsirarar waya a soket, ya tokare ta da tsinken ashana, ya rushe duk wannan tanadi a lokaci guda. Haka kuma soket ɗin nan da ake cewa yana karɓar kowane irin filogi. Mu dai ba mu ga alherinsa ba, domin bakin da aka yi don ya karɓi ƙafa mai kusurwa da zagayayya, mai kauri da siririya, ba ya kama ko ɗaya da kyau, kuma da zarar mai kauri ta buɗa shi, siririya sai lilo.

4.0 Yanayin kudancin Kano

A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya wuce haka, watau sifirin yana fara aikinsa ne a gajiye. Da hunturu ƙura ta shige kowane rami, da damina kuma laima ta jiƙa ta.

Jijjiga tana da nata ɓarnar, kuma a nan kuza ta shigo cikin magana. Mutanen Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa sun san narka kuza tun kafin zuwan Turawa, kuma da irin wannan ƙarfe ake shafe yawancin ƙarafan mahaɗi masu matsakaicin farashi. Kuza tana da laushi, kuma tsatsarta siririya ce da matsi yake fasawa, wuta ta wuce. Amma in mahaɗi yana motsi kaɗan-kaɗan, kamar a babur ɗin da ke zirga-zirga tsakanin ƙauyukan Tudun Wada, ko motar da ke ratsa dajin Falgore, ko injin da ke aiki a bakin madatsar Tiga, to kowane motsi yana tone sabuwar kuza, ta yi tsatsa, garin tsatsar ya taru a tsakani har ya toshe hanya. Shi ya sa makanike yakan cire mahaɗi ya mayar, fitila ta kama, bayan mako guda ta sake ɗaukewa. Maganin shi ne a hana motsin, a ɗaure wayoyi kusa da mahaɗi.

Akwai kuma haɗin da ke saman falwaya. Wayoyin da ke ɗauko wuta daga wurare irin su tashar Kwanar Dangora zuwa garuruwa na alminiyam ne, na cikin gida kuwa jan ƙarfe. Alminiyam ya fi jan ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, kusan 23 ne a kan 17, saboda haka murɗin da aka yi musu da hannu yana sassautawa da kowane dumi da sanyi, laima kuma tana sa alminiyam ya ci. Amurka ta ɗanɗana wannan a gidajen da aka yi wa wayarin da alminiyam tsakanin 1965 da 1973, inda aka yi ta samun gobara a wuraren haɗi. Akwai mahaɗi na musamman mai ƙarfe biyu da aka ƙera don wannan wuri, shi ya kamata a yi amfani da shi.

Abin da ya fi damunmu a yau shi ne sola, wadda ta bazu a rijiyoyin burtsatse da asibitoci da shagunan caji. Wutar layi tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, watau tana sauka sifiri sau 100, don haka tartsatsinta yakan mutu da kansa. Wutar sola miƙaƙƙiya ce, in ta yi tartsatsi a sakakken mahaɗi sai ta ci gaba da ci. Saboda haka aka yi wa mahaɗin MC4 maƙalai biyu da zoben roba mai hana ruwa, aka kuma hana raba shi yayin da wuta ke gudana. Kamfanin da ke ƙera shi ya yi gargaɗi kada a haɗa shi da na wani kamfani, ko da sun shiga juna, domin ɗan bambancin kauri da ido ba ya gani ya isa ya rage matsi.

5.0 Abin da ya rage ga malamai

Ɗalibanmu sukan iya zana da'irar wuta a takarda, inda mahaɗi ɗigo ne kawai marar turjiya. Lalle ne a kai su ga ainihin abin. A tara ƙonannun soket daga masu gyaran wuta na Bebeji ko Kiru, a tsaga su a aji, ɗalibi ya nuna wane riƙo ne ya fara gazawa. A rataya wa filogi nauyi a ga wane soket ne yake sakinsa. A koya musu matse waya da filayar da aka yi don matsi, maimakon murɗi da salatif, sa'an nan kowa ya ja abin da ya matse da hannunsa kafin a ba shi maki.