Ilimin Haske da Fasahar Ɗaukar Hoto

Kalmar "hoto" ararriya ce daga Ingilishi, tushenta kuwa Girkanci ne, inda take nufin haske. Ke nan haske shi ne kayan aikin mai ɗaukar hoto na farko, kafin kyamara.

A ƙarni na 11, Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya nuna a littafinsa Kitab al-Manazir cewa haske a miƙe yake tafiya. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, haskensu ya shiga ta ƙaramar kafa, kowace ta yi nata tabo a bango. Da an rufe fitila guda, sai tabonta kaɗai ya ɓace. A kan wannan ka'ida kyamara ta ginu.

Wanda ya fahimci haka zai san dalilin da ya sa hoton tsakar rana yake muni: haske na saukowa daga sama, sai inuwa ta taru a ƙarƙashin ido da hanci. Da la'asar sakaliya kuwa, haske yakan zo a kaikaice, ya ratsa iska mai yawa wadda ke watsar da shuɗin launi, jaja-jaja ya saura. A lokacin ne zanen dagi na bangon soro yake fitowa sosai, domin kowane tudu ya sami inuwarsa. Hazon hunturu, wanda wasu ke ƙi, tausasa haske yake yi, shi ya sa fuska takan fito sumul a cikinsa.